Aska, Allura da Jinin Masu Lafiya a Ƙasar Bagudo

A ƙasar Bagudo, yawancin waɗanda suka san suna ɗauke da ciwon hanta ba ciwo ne ya kai su asibiti ba, zumunci ne. Haihuwa ta zo wa mace da gardama ta zubar da jini, ko zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa yaro jini, likita ya ce a nemo mai bayarwa. Sai dangi su duba cikinsu su zaɓo wanda ya fi kowa ƙarfi, saurayin da ke wuni a fadamar shinkafa, ko masuncin da ke ƙetare Kwara da jirgi bai huta ba. A ɗebi ɗan jininsa a gwada. Jim kaɗan ma'aikaci ya ja shi gefe ya ce, "Malam, jininka ba zai yi ba, akwai ciwon hanta." Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Likita, ni ko lahiyata lau, ko ciwon kai ban yi." Ma'aikacin gaskiya ya faɗa, shi ma saurayin gaskiya ya faɗa.

Abin da ke cikin jinin nan ba jiya ya shiga ba. Galibi tun mai shi yana goye ko yana rarrafe ya shiga, ya zauna shekara ashirin ko talatin bai ce uffan ba. Don haka mai son sanin yadda ciwon hanta ya yi yawa a jikin mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu, sai ya koma baya ya tambayi hannuwan da suka fara taɓa jariri a ƙasarmu, da ƙarfen da ke cikin hannuwan. A gidan aska aka haife ni. Kakana wanzami ne a yankin Illo, ƙanen mahaifina ya gaje shi, ni ma na riƙe musu zabira ina yaro kafin makaranta ta ɗauke ni. Ina ƙaunar sana'ar nan, ƙaunar ce kuma ta sa nake son a faɗi tarihinta cikakke.

Ƙasar da hanya ta ratsa

Ƙaramar hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, kogin Kwara ya ratsa ta, yammacinta kuma Jamhuriyar Benin ce. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 230,000 a cikinta, daga Bagudo da Zagga zuwa Illo, Lolo, Ka'oje, Bani da Tsamiya. Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Dandawa, Kyangawa da mutanen Bargu duk a nan suke, suna cin kasuwa ɗaya suna auren juna.

Tun kafin Turawa ƙasar nan hanya ce. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega yakan ƙetare Kwara ta wajen Illo, wadda Giris ce mashiginta, ko ta wajen Gaya, ya ratsa Bargu zuwa Jugu, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. A kai kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Ayari kuwa ba 'yan kasuwa kaɗai yake ɗauka ba, da malamai da mahauta da wanzamai ake tafiya, wasu su zauna a zango su yi iyali. Ta haka wanzanci ya kai har zangunan Kumasi da Akara, inda wanzamai Hausawa suka daɗe suna yi wa yara kaciya, har da 'ya'yan waɗanda ba Hausawa ba.

A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu a kan takarda. Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki da Kandi suka faɗa hannun Faransa. Layin ya raba haraji da tuta, amma bai raba aure da suna ba. Har gobe mutumin Tsamiya yana da surukai a Segbana, na Lolo yana da 'yan uwa a Madikali, duka biyun a Benin, kasuwar Malanbil ta can kuma tamu ce duka. Ko lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an ci gaba da haihuwa a wannan ƙetare ana zuwa suna daga wancan. Duk abin da ke tafiya cikin jini, ta nan yake bi ba tare da an tambaye shi takarda ba.

Gidan aska

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka wanzami mai aski ne kawai. A zamanin kakana shi ne likitan fiɗa na gari. Kowane gida yana da wanzaminsa na gado, kamar yadda yake da ungozomarsa. A zabirarsa akwai askar aski, da 'yar tsaga, da ƙoshiya ta cire belu, da hantsaki, da almakashi, da ƙahoni, da dutsen wasa aska. Idan aka yi haihuwa, ungozoma ta yanke cibiya, a cikin kwanakin farko sai a aika masa ya zo ya duba bakin jariri ya cire belu. Ranar suna ya yi askin fari, gidan da ke da tsagar gado ya yi wa jaririn tsagarsu, ya karɓi kasonsa na naman rago. Bayan shekara bakwai ko takwas, da hunturu, an gama girbi, sai a tara yaran unguwa goma ko fiye a yi musu kaciya a safiya ɗaya. Ranar kasuwa kuma manya su jeru a gindin bishiya a kafa musu ƙaho, a tsaga a zuƙe jini. Mai ƙurji a yi masa sakiya, mai ciwon gefen ciki a yi masa 'yan tsage a wurin.

Babu abin kunya a wannan aiki. Kaciya addini ce, ƙaho yana da asali a sunna, tsaga kuma a zamanin yaƙi da bauta ita ce shaidar da ke mayar da ɓataccen yaro ga danginsa. Mutanen da ba su da asibiti ne suka samar wa kansu ma'aikacin lafiya, suka biya shi da damin gero.

Kakana mutum ne mai tsafta. Ba ya mayar da aska zabira sai ya wanke ta, ya goge da ƙyalle, ya wasa ta har ta yi ƙyalli. A ma'aunin ido wannan aska tsaf take. Sai dai ƙwayar ciwon hanta nau'in B ba ta bin ma'aunin ido. Jinin da bai kai a gan shi ba ya isa ya ɗauke ta, kuma takan rayu a jikin busasshen ƙarfe kwana bakwai ko fiye. Idan yaro na biyu a layin kaciya yana da ita, na uku da na huɗu har na ƙarshe suna cikin haɗari, ga shi kuwa babu wanda zai yi ko atishawa. Raunin ya warke, a yi shagali, a yaba hannun wanzami. Da gaske hannun nasa mai kyau ne. Bincike da dama a asibitocin Nijeriya sun nuna ƙwayar ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa tsaga, ko cire belu, ko kaciyar gida, amma kakana da tsararrakinsa sun rasu ba su ji wannan labari ba.

Shawara daban, kumburin ciki daban

Ba wai magabatanmu ba su san ciwon hanta ba ne sam. Sun san shawara: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, jiki ya mutu, a kasa cin abinci. Sukan jiƙa wa mai ita saiwar rawaya, su hana shi cin mai, bayan 'yan makonni ya miƙe. Sun kuma san wani ciwo da ke kama magidanci yana cikin ƙarfinsa: ya rame, ciki ya kumbura, ƙafafu su ɗaga, wani lokaci ya yi aman jini. Wannan kam ba a kiran sa ciwon hanta, sammu ake cewa. Ba a iya haɗa shi da wani abu da ya faru a ƙuruciya ba, don tsakaninsu shekara talatin ne na cikakkiyar lafiya.

Haka ɗan baffana ya tafi bai cika arba'in ba. An kai shi wajen masu magani a wannan ƙetare da wancan, an zargi abokin cinikinsa, gidaje biyu suka daina gaisuwa. Sai bayan rasuwarsa aka gwada 'yan uwansa, aka sami ƙwayar a jinin wasu daga cikin 'yan ɗakinsu, dukansu lafiyayyu. Wanda aka zarga bai san hawa ba bai san sauka ba.

Su ma Turawa sun daɗe cikin duhu. A 1883, a birnin Bremen na Jamus, an yi wa ma'aikatan wani wurin ƙera jiragen ruwa 1,289 lambar agana da ruwan da aka samo daga jikin mutane, 191 suka kamu da shawara. A 1942 sojojin Amurka wajen 50,000 suka kwanta da shawara bayan allurar rigakafin da aka haɗa da ruwan jinin mutane. An gane cewa wani abu na bin jini, amma ba a gan shi ba. Wanda ya fara kama alamarsa shi ne Baruch Blumberg, likitan Amurka da ke yawo duniya yana tara jinin al'ummomi, har Nijeriya ya zo a ƙarshen shekarun 1950. A 1965 ya bayyana wani sinadari da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, daga baya aka tabbatar ɓawon ƙwayar nau'in B ne. A Amurka da ƙyar ake samun sa ga mutum ɗaya cikin dubu, amma a Asiya da Afirka ga shi nan birjik a jinin masu lafiya. Ya sami kyautar Nobel a 1976, ranar haihuwarsa kuma, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. A 1981 Palmer Beasley ya fitar da sakamakon bibiyar maza 22,707 a Taiwan, aka ga masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran haɗarin sankarar hanta fiye da sau ɗari biyu. Igiyar da ke tsakanin lafiyayyen saurayi da magidanci mai kumburin ciki ta fito fili.

Zamanin allura

Zalunci ne a ɗora wa aska kaɗai wannan nauyi. Ƙwayar tsohuwa ce, an same ta a ƙasusuwan mutanen da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce. Amma dangin ƙwayar da ya fi yawa a Afirka ta Yamma yana da wani abin lura. Daga Senegal har Angola kusan kamarsa ɗaya, alamar bai daɗe da bazuwa ba. Sannan da wuya a same shi a jikin jikokin bayin da aka kwashe zuwa nahiyar Amurka. Wannan ya sa masana da yawa suke ganin ya yi babbar bazuwarsa ne bayan cinikin bayi ya ƙare, suna kuma danganta ta da zamanin da allura ta shigo.

A wannan ƙetare Turawan Ingila, a wancan Faransawa, duk sun tura ma'aikata ƙauye ƙauye suna yaƙi da agana, ciwon barci, kuturta da sanƙarau. Sirinji na gilashi ne, allura ta ƙarfe ce, a tafasa a sake amfani, idan layi ya yi tsawo tafasawar ma ta gagara. Tsofaffinmu har yau suna nuna tabon lamba a dantsensu, wasu na tuna bindigar allurar da aka zo da ita a gangamin agana da ƙyanda da ya fara a 1967. Aikin nan ya ceci rayuka ba adadi, zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya. Sai dai a wasu ƙasashe an tabbatar allurar da ake maimaitawa ta bar baya da ƙura. A Masar, alluran maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin mutane daga shekarun 1950 zuwa wajen 1980 su suka baza ciwon hanta nau'in C, har binciken 2008 ya sami alamarsa a jinin kusan kashi 15 cikin ɗari na manya.

Bayan gwamnati ta janye daga ƙauye, allura ta zauna. Mutanenmu suka yarda cewa maganin da bai shiga ta allura ba bai kai ga ciwo ba. Masu kemis da masu yawo da jakar magani suka cika wannan buƙata, a wancan lokaci sau da yawa da sirinji ɗaya. Aka ƙara da mai yankan farce da ke bin rumfuna da almakashi ɗaya, da kilifar shagon aski, da reza ɗaya da 'yan gida ke karɓa hannu da hannu. Allurar rigakafi ta yau dabam take, sirinjinta sau ɗaya yake aiki ya kulle kansa. Darasin da aka koya daga wancan zamani ne ya haifar da shi.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babban binciken ƙasa kan cutar ƙanjamau da aka yi a 2018 ya bi gida gida, ya gwada har da ciwon hanta ga mutane 'yan shekara 15 zuwa 64, mutanen da aka tarar suna harkokinsu. An sami nau'in B a kashi 8.1 cikin ɗari: kashi 10.3 ga maza, 5.8 ga mata. Nau'in C kuma kashi 1.1. Wani nazari na 2021 da ya tattara binciken shekaru goma ya sami kashi 9.5 a ƙasa baki ɗaya, ya nuna karkara ta fi birni, shiyyar Arewa maso Yamma kuma ita ce kan gaba da kashi 12.1. Bagudo karkara ce, kuma a Arewa maso Yamma take. A sauƙaƙe, duk sahun sallah na mutum goma, a sa rai ɗaya yana ɗauke da ƙwayar. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya takan ƙiyasta masu nau'in B da C a Nijeriya da wajen miliyan 20.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da nau'in B, miliyan 50 da nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, wato wajen 3,500 kowace rana. Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na wannan nauyi. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba su sani ba.

Sauran nau'o'in ba ta jini suke zuwa ba. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, su sa shawara su wuce, ko da yake E tana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu, kamar yadda aka gani a Difa ta Nijar da kuma Borno a 2017. B da C su ne masu zama. Wani abin da ke ƙara wa B muni a ƙasar noma irin tamu shi ne gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Idan gubar ta haɗu da ƙwayar a hanta ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka. Shi ya sa sankarar hanta a Afirka ke ɗaukar 'yan talatin da arba'in, masu ƙananan yara.

Ranar farko

Babban sirrin ƙwayar nau'in B shekarun da aka kamu ne. Babba idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsu kan kore ta. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, wajen ɗaya cikin uku takan zauna masa. Jariri kuwa, tara cikin goma takan zauna har ƙarshen rayuwa. Binciken da aka yi a ƙauyukan Keneba da Manduwar na Gambiya a farkon shekarun 1980 ya nuna a yankinmu yara kan ɗauke ta tun suna ƙanana, da yawa daga yayyensu, ta ƙuraje da raunukan wasa. Wasu kuma daga uwa suke samu lokacin haihuwa, su ne suka fi shiga haɗari daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ta tana bin ɗaki.

Rigakafi ya samu tun 1981, irin na yanzu kuma tun 1986. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, masu ɗauke da ƙwayar cikin yaranta suka sauko daga wajen kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1. Gambiya ta fara gwaji a 1986, ta game ƙasa a 1990. Nijeriya sai a 2004 allurar ta shiga rigakafin yara sosai, a 2012 aka haɗa ta cikin allurar nan mai kare cuta biyar. Benin ta ƙara allurar ranar haihuwa a 2020. Ita wannan ta ranar haihuwa an fi so a yi ta cikin awa 24, don ita ce ke tare abin da ya taho daga uwa.

A nan tarihinmu ya sha gabanmu. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna a Jihar Kebbi ko haihuwa ɗaya cikin goma ba a yi a asibiti. Jaririn Bagudo a ɗaki ake haifuwarsa, mai jego ba ta fita, ba a son fitar da jariri kafin suna. Ga kuma al'adar goyon ciki: amaryar da aka auro daga Segbana takan koma gidan iyayenta ta yi haihuwar fari, ta dawo Tsamiya bayan arba'in. Katin rigakafin yaron, in ma an buɗe shi, a wata ƙasa aka fara, a wata za a ƙarasa, sau da yawa ya ɓace a tsakani. A cikin makon nan na farko da ma'aikacin asibiti bai ga jariri ba, mutum biyu sun gan shi tabbas: ungozoma da wanzami.

Sana'ar da ta saba canzawa

Masu cewa al'ada ba ta canzawa ba su zauna a gidan aska ba. A idona tsagar gado ta ja baya, tun kafin dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ta, don iyaye da kansu sun daina so. Kaciyar taro ta ragu, da yawa yanzu tun yaro na jariri ake yi. Da labarin ƙanjamau ya zo, wanzamai suka koma sabuwar reza, wasu suka ce kowa ya zo da tasa. Baffana, wanda ya gaji zabirar kakana, ya taɓa ce mini, "Ɗana, mu ba mu ƙi gyara ba. Abin da ba mu so, a zo a yi muna faɗa kamar mu munka kawo cuta duniya. A zaunar da mu a hwaɗa muna, mu ma 'ya'yanmu na ciki." Abin da ya rage shi ne kayan da ba a yarwa: ƙoshiya, hantsaki, almakashi da ƙaho. Goge su da ƙyalle bai isa ba, sai an wanke an tafasa sosai. Belu kuwa likitoci sun daɗe da bayyana cewa cire shi ba ya ƙara wa jariri komai sai haɗarin zubar jini da shigar cuta, ya kamata a bar shi ya bi tsaga.

An ce wanzami ba ya son jarfa. To, a wannan karo shi ya kamata ya fara miƙa hannu, domin babu wanda ya kai shi cuɗanya da jinin mutane. A gwada wanzamai da ungozomomi, wanda ba shi da ƙwayar a yi masa allura uku, wanda ke da ita a haɗa shi da likita. Wanda aka yi wa haka shi zai iya gaya wa maigida gaskiyar lamarin da harshen da zai karɓa: ba a ɗaukar ciwon nan ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musafaha, ko gumi, uwa mai shi tana shayar da ɗanta. Nau'in C ana warkewa da ƙwayoyin wata uku, Masar da ta fi kowa fama da shi ta gwada mutum wajen miliyan 60, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Nau'in B ba a kai ga maganin da ke kawar da shi ba tukuna, duk abin da mai lasifika zai faɗa a kasuwa, amma tenofovir yana danne shi ya kare hanta, ana kuma ba mai ciki shi don kare jariri. Ba kowane mai ɗauke da ita ke buƙatar magani ba, amma kowa na buƙatar a riƙa duba shi, a Birnin Kebbi ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato in ta kama.

Gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana ƙara bazuwa, yana kuma tono masu ɗauke da ƙwayar da yawa. Ina jin ciwon yadda ake fasa aure a kansa, a bar yarinya da tabon da ba ta san lokacin da ta same shi ba. Wanda ba shi da ita cikin ma'auratan a yi masa rigakafi, a jira ta kama, a ɗaura aure, a kuma shirya wa ranar haihuwa. Gwajin na shiri ne, kada a mayar da shi na kora.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su karya lagon ciwon hanta kafin 2030. A Bagudo wannan alkawari ba zai cika a ɗakin taro ba, sai a ɗakin mai jego. Kusan kowace ungozoma yau tana da waya ko tana da ɗa mai waya, kowane wanzami yana jin labarin haihuwa kafin liman ya ji. Sarakunan aska na Illo da Ka'oje da Zagga da Bagudo, tare da hakimai da ma'aikatan rigakafi na ɓangarorin iyaka biyu, za su iya kafa ƙa'ida ɗaya: ungozoma ta kira mai allura a ranar da ta yanke cibiya, wanzami kuma kada ya ɗora aska a kan jariri sai ya ga kati. Gidajen da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna amsa kiran haihuwa cikin dare ba tare da albashi ba sun cancanci a ba su wannan amana, kuma babu wanda zai riƙe ta kamar su.